Bakin tekun Grand-Popo ya yi, mai rakiyar ne bai yi ba

Masu kirana suna tambaya ko saurayin nan na Zangon Kwatano da ke kai iyalai yawon bakin teku ya ci kuɗinsa, ga amsata a wuri ɗaya, don na gaji da maimaitawa a waya. Ba zan kama sunansa ba. A zauren WhatsApp na 'yan kasuwar atamfa na ga tallarsa, kuma abin da ya ja ni kalma ɗaya ce da ya yi ta nanatawa: wurin da babu hayaniya.

Ni ba baƙuwar Kwatano ba ce. Shekara da shekaru ina sauka Zango, in shiga kasuwar Dantokpa, in ɗaure kayana in juyo Yamai, teku kuwa sai dai hange daga kan zem, wato babur ɗin haya. Na taɓa leƙa bakin tekun Fidjrossè wata Lahadi da yamma, ban daɗe ba na fito. Mashaya a jere, kowace da nata kiɗan, ga warin giya, ga shigar da ba za ka so 'yarka ta gani ba. Ban ce wurin bai da kyau ba, masu shi suna jin daɗinsa, amma ba inda za ka kai tsohuwa ba ne. Wannan karon kuwa da tsohuwa muka taho, Inna mahaifiyar maigida, wadda duk rayuwarta ruwan da ta sani mai girma shi ne tafkin Tabalak da kogin Isa. Ta ce tana son ta ga teku da idonta kafin ƙafa ta ƙi. Muka haɗa da yara lokacin hutun makaranta na ƙarshen shekara. Hanya kun san ta: Doso, Gaya, tsallaka kogi da kwale-kwale saboda gadar da aka rufe a 2023, sannan Malanville, Kandi, Parakou, Bohicon. Sama da kilomita 1000, kowa ya iso a jigace.

Gaskiya ranar farko yaron nan ya burge ni. Bayan sallar asuba yana ƙofar masauki, mota tsaf, ruwan sha a sanyaye, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Inna. Bai bi da mu babbar hanya ba, ya ɗauki wadda suke kira Route des Pêches, mai bin gaɓar teku daga Fidjrossè zuwa Wida, wajen kilomita 40. Ana wuce Togbin sai gidajen shaƙatawa su fara raguwa, a kusa da Avlékété kuma sai itatuwan kwakwa da bukkokin masunta. Nan ya tsaya da mu inda ake jan koma. Igiya ɗaya doguwa ta fito daga cikin teku, maza da mata da yara sun jeru a kanta, suna ja da baya taku-taku, mutum ɗaya na ba da waƙa saura na amsawa. Wanda ya kai ƙarshen layi ya saki ya dawo gaba ya sake kamawa. Ya ce wa yarana su sa hannu, suka sa, da komar ta fito wata mata ta zuba musu ƙananan kifi a leda, ladan jansu. Har yau suna zancen.

A Wida ya kai mu ƙofar nan ta bakin teku da aka gina a 1995 don tunawa da bayin da aka loda a jiragen ruwa daga wurin. Ya yi wa Inna bayani da Hausa tsantsa, ta yi shiru, sannan ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a. Muka biya Djègbadji inda mata ke tace ƙasa mai gishiri su dafa ruwan har gishiri ya fito fari. Daga nan muka hau kwalta ta Comè muka kwana Grand-Popo, dab da iyakar Togo.

Washegari ne babban abin, Bouche du Roy, inda kogin Mono ke shiga teku. Da kwale-kwale mai inji ake zuwa, ana ratsa itatuwan nan masu saiwa a tsaye cikin ruwa, da ƙauyuka a kan tsibirai. Yankin yana cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin masu kariya a 2017, kuma in ka gani ka san dalili. Aka sauke mu a wani zirin rairayi, kogi a hannun nan, teku a wancan, babu mashaya, babu mai talla, babu rediyo. Masunta kaɗan can gefe suna gyaran koma. Inna ta cire takalmi, ta taka rairayin, ta tsaya tana kallon ruwan da ba shi da ƙarshe tana ta tasbihi. Mu mata muka shiga ɓangaren kogi har gwiwa da zannuwanmu, babu idon kowa a kanmu. Muka yi azahar a kan rairayi, aka gasa mana kifi, aka sare kwakwa. Wallahi a wannan lokacin da an ce in ƙara masa jaka 20 a kan kuɗinsa da na ƙara ba tare da ciniki ba.

To, ga inda zancen ya juya.

Tun a cikin kwale-kwale na tambaye shi ko yara za su iya wasa a bakin tekun. Ya ce, "Hajiya, ku sake, babu komai, iyaka dai kada su yi nisa." Iyakar gargaɗin da ya yi ke nan. Bai faɗa mana cewa gaɓar nan a tsaye take ba, taku kaɗan ƙasa ta zurma. Bai faɗa mana cewa igiyar ruwa a nan daidai baki take fashewa ba, kuma komawarta ta fi zuwanta ƙarfi. Autana mai shekara 9 yana tsaye inda ruwa ke taɓa idon sawu kawai, babansa na kusa da shi, ni ina kallonsu. Igiya ɗaya ta zo wadda ta fi saura, ta buge shi, da za ta koma sai rairayin ƙarƙashin ƙafarsa ya tafi kamar an fizge tabarma. Na ga kansa, na daina gani, na sake gani can gaba. Maigida ya yi tsalle ya bi shi, shi ma ruwan ya kayar da shi, don ba iya iyo ya yi ba, ina Batahuwe zai koyi iyon teku? Ban san irin ihun da na yi ba. Ɗaya daga cikin masuntan nan, dattijo ne ma, ya yar da komarsa ya sheƙo a guje. Bai faɗa ruwan kai tsaye ba, ya dakata igiya ta biyu ta turo yaron, sannan ya nutsa ya cafko shi ta wuyan riga, ya jawo shi yana rarrafe. Wani ya kamo maigida. Yaron ya yi ta aman ruwa, rairayi cike da hancinsa da kunnuwansa, gwiwa da haɓa a kurje, jikinsa na ɓari. Inna ta zauna daɓas, ba ta iya cewa komai sai "Innalillahi".

Dattijon ya yi ta faɗa da yarensu yana nuna tekun, yana nuna mu. Wata 'yarsa mai jin Faransanci ta ce mini cewa yake su da aka haifa a nan ma ba sa barin ƙananan yaransu a wannan gefen, kuma kusa da bakin kogin ya fi ko'ina ja. Abin da kowane yaro a ƙauyen ya sani ke nan. Mutumin da muka biya don ya san mana wuri kuwa, yana kwance cikin kwale-kwale da abin sauraro a kunne. Sai da mai jirgin ya taɓa shi ya tashi. Da ya iso ya ga yaron a hannuna, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ai Hajiya, yaran yanzu ne ba sa jin magana."

Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai, fiye da barcin. Wace magana aka faɗa masa da bai ji ba? Da ya ce mini Hajiya ku yi haƙuri, da yanzu wani sharhin nake rubutawa.

A hanyar komawa ne sauran abubuwa suka yi ta dawo mini. A saƙonsa ya rubuta cewa akwai rigar ceto ga kowa a jirgi. Ko ɗaya babu, kuma da safe da na tambaya cewa ya yi suna can gaba. Ya yi wa yara alkawarin kunkurun teku; kunkuru kuwa da dare suke fitowa yin ƙwai, mu da rana tsaka ya kai mu, kuma ba zan yarda bai sani ba. Ko auduga da maganin ciwo babu a jakarsa, da ruwan gora na wanke wa yaron ƙurjewar. Sannan muna tsakiyar kogi mai jirgi ya rage wuta ya ce kuɗin mai bai isa ba, sai an ƙara jaka 5, alhali mun biya komai tun Kwatano. Na dubi mai rakiyarmu, ya dubi ruwa. Da yaro mai rawar sanyi a cinyata wa zai tsaya jayayya? Maigida ya ciro ya bayar. Ina ta tunanin da abin ya fi haka, a wurin da babu mai ceto, babu likita, sai an yi wannan doguwar tafiyar ta ruwa kafin a kai ga mota.

Maigida ya ce in bar shi, tun da Allah ya tsare, kuma yaro ne mai neman abincinsa. Inna ma har yanzu in ta ba da labarin tafiyar a Tawa, da tekun take farawa, da masu jan koma, tana shi wa dattijon nan albarka. Ni ma ban ce kada kowa ya je ba. Wurin yana nan yadda aka faɗa, ban taɓa samun natsuwa a bakin ruwa irin ta wannan safiyar ba, kuma iyali irin namu ba su da inda ya fi shi a gaɓar nan. Amma in za ku je, ku ga rigar ceto da idonku kafin ku taka jirgi, ku yi magana da mai jirgin a gabansa a kan kuɗin mai, yara kuma su tsaya ɓangaren kogi, nesa da inda yake haɗuwa da teku. Ku gai da masuntan da kuka tarar, ku tambaye su inda ake taka ruwa da inda ba a takawa.

Bayan mun dawo Yamai ya turo mini saƙo yana gaisuwa, yana roƙon in tallata shi ga ƙawayena masu zuwa sarin kaya. Na ce masa ya sayi rigunan ceto, har da na yara, ya turo mini hotonsu a cikin jirgin, sannan mu yi magana. Ya ce to Hajiya, insha Allahu. Har yau hoton bai zo ba.