Sati shida a gonar kifin alabalik a Trabzon: sharhina kan horon da na biya

Shekara bakwai na yi ina kiwon tarwada a bayan gidanmu a Zariya kafin karatu ya kawo ni Turkiyya. Da na ga tallar wata gonar kifi a tsaunukan Maçka, kudu da birnin Trabzon, cewa suna karɓar masu koyon aiki na sati shida, ban tsaya dogon tunani ba. Na biya kuɗin, wanda ya haɗa da ɗakin kwana da abinci, na tafi a ƙarshen Agusta, na dawo wajen tsakiyar Oktoba. Abokan sana'a na gida sun yi ta tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ga amsar a nan.

Kifin da suke kiwo shi ne tirawut mai bakan gizo, Turkawa na ce masa alabalik. Wani jan zane ne ya ratsa gefensa daga kai zuwa jela, bayansa kuma duk ɗigo-ɗigon baƙi. Asalinsa kogunan da ke zuba cikin tekun Fasifik ne, daga Alaska har arewacin Meziko, da Kamchatka ta Rasha. Daga can aka yi ta ɗaukar ƙwansa zuwa duk inda ake da ruwan sanyi mai gudu. Turkiyya yau tana cikin manyan ƙasashen da ke kiwonsa.

Safiyar farko na ɗauki bokitin abinci na nufi kwami, yadda na saba a gida. Shugaban ma'aikatan, dattijo ne da kowa ke kira Usta, wato gwanin sana'a, ya tare ni, ya karɓi bokitin ya ajiye, ya ɗora mini ma'aunin zafin ruwa da na iskar oksijin a hannu. Ya ce, "Ɗan'uwa, ruwa ake fara tambaya kafin a tambayi kifi." Muka bi kwami ɗaya bayan ɗaya, muna aunawa a mashigar ruwa da mafitarsa, ina rubutawa a wani littafi da danshi ya kumbura shafukansa. Sai da muka gama ya buɗe jadawalin abinci ya nuna mini adadin ranar. Haka muka yi kullum har na bar gonar, kuma wannan abu ɗaya ya fi duk sauran abin da na koya daraja.

Dalilin a bayyane yake ga mai kiwon kifi, amma ban taɓa ganinsa ƙuru-ƙuru kamar a can ba. Jikin kifi zafin ruwan da yake ciki yake ɗauka. Alabalik ya fi cin abinci da girma tsakanin digiri 12 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos. In ruwa ya yi ƙasa sosai, sai cikinsa ya daɗe bai narkar da abinci ba, girma ya ja baya. In ya haura 20 sai ya fara wahala, wajen 25 kuwa mutuwa ce. Gonar tana da layin kwami biyu na siminti, dogaye, ruwa na shiga ta kai yana fita ta ƙarshe. Ɗaya daga idon ruwa ake ba shi, ma'aunina bai taɓa nuna masa ƙasa da 11 ko sama da 13 ba. Ɗayan daga ƙorama ne, da asuba sanyi ƙarara, da la'asar ya ɗumama. 'Ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe lokaci ɗaya aka raba musu. Ranar awo muka ɗebo hamsin-hamsin muka ɗora a sikeli, na ƙorama suka fi nauyi, saboda sun samu watannin da ruwa ke wajen 15 da 16. Usta ya ce in jira, ribar tana da nata haɗari.

Ban daɗe ina jira ba. A sati na biyu aka yi kwana uku ana rana, ƙoramar ta ja baya. Da la'asar na auna na ga digiri 20, amma kifin na ta biyo inuwata a gefen kwami, na ɗauka yunwa ce, na watsa musu abincin yamma cikakke. Kafin awa guda sun taru a mashigar ruwa, baki buɗe, suna haki, wasu sun fara kifewa farin cikinsu na sama. Usta ya rugo ya kunna injin kaɗa ruwa, ya karkato ruwan idon zuwa layin. Mun kwashe matattu cikin bokiti biyu. Bai ɗaga mini murya ba. Ya zaunar da ni ya rubuta lambobi a bayan buhun abinci: ruwa mai digiri 10 yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 11 a kowace lita, mai digiri 20 kusan 9 kawai, a kan tsauni ma bai kai haka ba. Kifin da ya ƙoshi kuwa buƙatar iskarsa ƙaruwa take yi. Da oksijin ya faɗi ƙasa da miligiram 6 a mafitar ruwa, an shiga matsala. Tarwada ce ta lalata mini ido a nan, domin ita tana da gaɓar shaƙar iska, takan leƙo sama ta shaƙa ta koma ko ruwa ya lalace. Alabalik ba shi da wannan mafita.

Batun abinci ban daɗe a kansa ba don ya yi kama da namu. Furotin kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari ga masu tasowa, ƙanana fiye da haka. In ruwa ya yi daidai, kilo ɗaya da ɗan ɗoriya na abinci yana ba da kilo ɗaya na kifi. Daga ƙwai zuwa giram 250 ko 300, girman da ake soyawa da man shanu a gidajen abincin bakin hanyar Sümela, wani tsohon gidan ibadar Kirista da ke yankin, kusan shekara guda ne. Tarwadata a gida takan kai kilo cikin wata shida, to ka ga haƙurin da wannan sana'a ke nema. Suna ware manya da ƙanana a kai a kai da wani akwati mai sanduna a ƙasa, ƙananan su zube ta tsakanin sandunan, manyan su tsaya. In ba a ware ba, ƙarfafan sukan kame kan kwami inda abinci da sabon ruwa ke sauka, raunanan su tsumbure a baya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda balaga ke cinye girma. Namiji kan balaga da wuri, ya yi duhu, namansa ya yi laushi, ƙarfinsa ya tafi ga haihuwa. Shi ya sa masu neman babban kifi ke sayen ƙwan da duk mata ne, ko wanda aka matsa da ƙarfi jim kaɗan bayan an haɗa shi da maniyyi, ya fito ba ya haihuwa, duk abin da ya ci jiki yake ginawa. Mafi girman da aka taɓa kamawa da ƙugiya, kusan kilo 22, a tafkin Diefenbaker na Kanada aka kama shi a 2009. Jinsi ɗaya ne da ɗan giram 300 da ke cikin farantina.

Yanzu ga inda raina ya sosu. Tallar ta ce za a kai mu kejin teku mu ga yadda ake kiwon abin da suke kira salmon na Turkiyya, wato wannan kifin dai da ake mayarwa Bahar Aswad ya yi kilo uku ko fiye, a sayar wa Rasha da Japan. An kai mu, amma kejin wayam. Ruwan tekun bai huce ba tukuna, sai wajen Nuwamba ake zuba kifi, a kwashe kafin zafin Yuni. Masu gonar sun san haka tun kafin su karɓi kuɗinmu, ya kamata su faɗa. Tatsar ƙwai ma ban gani ba, aikin lokacin sanyi ne a gonar. An nuna mana ɗakin ƙyanƙyasa, aka ce a digiri 10 ƙwai kan yi kusan wata guda, shi ke nan. Babu mai fassara kuma, wanda ba ya jin Turkanci zai yi asarar rabin darasin. Ɗakin kwanan yana da danshi, kayan da na wanke sai su yi kwana uku ba su bushe ba. Abinci dai babu laifi, shayi kuwa ba ya yankewa.

Wanda ke son ganin ƙwai da teku ya nemi zuwa daga Nuwamba, ya tambaya a rubuce abin da zai gani a watan da ya zaɓa. Wanda kuma yake tunanin koyo don ya kai alabalik Kano ko Maraɗi, ina roƙonsa ya riƙe kuɗinsa, ruwan burtsatsenmu da ɗuminsa yake fitowa, kuɗin sanyaya shi zai cinye jarin. Ni ban yi nadama ba, zan sake biya don in tsaya kusa da Usta.

Satin da na dawo na aika wa ƙanena kuɗin ma'aunin zafin ruwa, shi ke kula da kwamin tarwadarmu yanzu. Duk shekara in hunturu ya shigo mukan ga abinci na ruɓewa a ƙasan kwami, mu ce buhun ne ba shi da kyau. Jiya ya kira ni da safe ya ce, "Yaya, 21 ya nuna." Na ce ya rage abincin safe, ya jira rana ta ɗaga, ya sake aunawa ya rubuta mini a littafi.