Shagon buga takardu na Sabon Gari, a idon mai tace dosiye

Ina cikin kwamitin da ke tace takardun neman tallafi na masu fasaha a nan Damagaram: dukawan Birni, makaɗa, 'yan wasan kwaikwayo. Yawancinsu ba su rubuta Faransanci, sai su kai buƙatarsu shagon buga takardu. Akwai wani a Sabon Gari da nake gane aikinsa tun kafin in ga hatimi.

Mai shagon yana zaunar da mutum, ya saurare shi da Hausa, sannan ya rubuta. Dosiyen wata baduka da ya buga ya faɗi fata nawa za ta saya, kuɗin rini, da 'yan mata nawa za ta koya wa ɗinkin jaka. Lissafin ya tashi daidai har dala. Wallahi na ji daɗin karanta shi, don mun gaji da takardun da ke cike da manyan kalmomi babu ko farashin allura.

Aibinsa jinkiri. In an ɗauke wuta aiki ya tsaya, ba shi da janareta, kuma kwamiti ba ya karɓar takarda bayan wa'adi. Kuɗi jaka biyu yake karɓa. Ku je masa da mako guda a hannu.