Shanyewar ɓarin jiki: tarihin dangi ko gwajin ƙwayoyin gado?

Binciken tarihin dangi tambaya ce kawai: wa cutar ta kama, kuma yana da shekara nawa? Idan uwa, uba ko wanda kuke ciki ɗaya ya kamu kafin shekara 65, haɗarinka ya ƙaru. Sau da yawa abin da ake gada shi ne hawan jini, ciwon suga ko yawan kitse a jini, don haka a riƙa auna jini. Awon hawan jini na 140/90 ko sama yana buƙatar kulawar likita. Matsalar binciken tarihin dangi ita ce, dangi kan manta, wasu ma ba su san ainihin abin da ya kashe kakanninsu ba.

Gwajin ƙwayoyin gado kuwa amfaninsa ya fi yawa a cututtukan da ƙwayar gado ɗaya ke haddasawa. Misali CADASIL, cutar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, mai nasaba da ƙwayar gado da ake kira NOTCH3, kowane ɗan mai ita yana da kashi 50 cikin 100 na gadonta. Sikila ma cutar ƙwayar gado ɗaya ce da ke iya jawo shanyewar ɓarin jiki: yaro mai sikila ana duba jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa daga shekara 2 zuwa 16, in gudun jini ya kai santimita 200 a daƙiƙa, a fara ƙarin jini akai-akai.

Ga yawancin manya, tarihin dangi da na'urar awon jini sun fi gwajin amfani.