Gargaɗi Kan Masu Damfara da Sunan Sayar da Kayan Ɗaki Masu Naɗewa

Duk wanda ya kama hayar ɗaki ɗaya, wanda a cikinsa ne zai kwana, ya yi girki, ya kuma karɓi baƙi, ya san yadda ƙuncin wuri yake sa mutum neman dabara. Wannan buƙata ce wasu 'yan damfara suka mayar hanyar cin abinci a shafukan Facebook da Instagram da TikTok, inda suke tallata gadon da ake ɗagawa ya shige bango, da teburin da yake naɗewa ya koma kanta, da kujerar da ake janyowa ta zama wurin kwana. Ina jan hankalin masu shirin sayen irin waɗannan kaya, musamman sababbin ma'aurata da ɗalibai, da su yi hattara ƙwarai kafin su tura kuɗinsu.

Yawanci abin yana farawa ne da ɗan gajeren bidiyo mai ɗaukar ido, wanda galibi an sato shi ne daga shafin wani kamfani na gaske aka goge tambarinsa. Da zarar mutum ya yi tambaya, sai a janye shi zuwa WhatsApp, a gaya masa cewa rangwamen zai ƙare a yau kuma guda biyu kacal suka rage, sannan a nemi ya biya rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Idan ya biya, bayan kwana kaɗan sai a sake kiransa da cewa kayan sun maƙale a hanya, ana buƙatar kuɗin kwastan ko na inshora, kuma da yawa sukan ƙara biya domin tsoron kada na farko ya salwanta. Daga nan sai a toshe lambarsa, shafin kuma ya sauya suna ya ci gaba da farauta.

Akwai kuma masu kawo kaya da gaske, kuma a ganina su ne suka fi haɗari, domin mai saye yana zaton ya tsira. Darajar gadon bango ba a fentinsa take ba, tana cikin ƙarafan da suke ɗaga shi da sauke shi, wato sifirin ko bututun iskar da aka auna daidai da nauyin gadon da katifarsa. Wannan shi ne ɓangaren da bidiyo ba ya nunawa, kuma nan ne maha'inci yake rage tsada. Sai ya sa ƙarafa marasa ƙarfi, ya haɗa jikin gadon da allon garin katako da aka matse da gam, ya lulluɓe shi da leda mai kamar katakon gaske. Irin wannan allo ba ya riƙe noti idan ana yawan motsa shi, kuma yana kumbura da zarar ruwa ya taɓa shi. Wanda ya duba ramin notin bayan 'yan watanni zai ga ya faɗaɗa, garin katako yana zuba daga cikinsa kamar dusa, ƙarfen kuma ya fara girgiɗi. Gadon da ake ɗagawa kowace safiya a sauke kowane dare, idan ya kai wannan hali, yana iya sulluɓowa a kan wanda yake tsaye a gabansa, ko kuma kabad ɗin da gadon yake shigewa cikinsa ya rabu da bango gaba ɗaya idan ba a kafe shi yadda ya kamata ba.

Batun kifewar kayan ɗaki ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2016, kamfanin IKEA mai sayar da kayan ɗaki ya janye kabad masu durowa kimanin miliyan 29 a Amurka, bayan wasu sun kife a kan ƙananan yara har aka yi asarar rayuka. An iya tilasta gyara a wancan lamari ne domin kamfanin yana da adireshi da rajista da hukumar da take sa masa ido. Shafin da aka buɗe jiya da lambar waya kaɗai ba shi da wanda za a kama, ko da kayansa sun karya ƙafar yaro.

Saboda haka kada a yarda da cinikin biri a sama. A nemi mai sayarwa ya yi kiran bidiyo kai tsaye yana tsaye kusa da gadon, ya ɗaga shi ya sauke, ya nuna ƙarafan da gefen allon da ba a lulluɓe ba, domin wanda hoton sata kawai yake da shi ba zai iya yin haka ba. A kuma nemi awon kayan a rubuce, a naɗe da kuma a buɗe, tunda gadon mutum biyu yana cin kusan mita 2 daga bango idan an sauke shi, kuma maha'inta sukan ɗauki hoton ƙaramin gado ta yadda zai yi kama da babba. Manhajar Google Lens tana taimakawa wajen gano ko hoton ya fito daga wani shafi, haka kuma Facebook yana nuna ranar da aka buɗe shafin kasuwanci da sunayen da ya taɓa ɗauka, kuma shafin da ya sauya suna sau da dama abin zargi ne.

Kuɗin da aka tura kai tsaye zuwa asusun wani mutum yana da wuyar dawowa, don haka ya fi dacewa a biya bayan an ga kaya an gwada su, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin mayarwa. Wanda ya riga ya faɗa hannunsu ya daina ƙara ko sisi, ya adana hotunan hirar da shaidar biyan kuɗi, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara ga 'yan sanda da kuma masu dandalin da aka yi tallar a kansa.