Allon kare harsashi na jakar makaranta: kuɗin sun cancanta?

Bayan harbe-harben da suka kashe mutum 17 a wata makaranta a garin Parkland a 2018, da yara 19 da malamai 2 a wata makaranta a garin Uvalde a 2022, iyayen Amurka da yawa sun rungumi wannan allo mai laushi da ake zurawa cikin jakar yaro. Faɗinsa kusan inci 11, tsawonsa 14, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, farashi dala 100 zuwa 200.

Ga inda gizo ke saƙar: yawancin allunan nan matakin IIIA ne a ma'aunin ƙarfin sulke. Suna tare harsashin ƙaramar bindiga, 9mm har .44 Magnum, amma na babbar bindigar AR-15, irin wadda aka yi amfani da ita a makarantun nan biyu, ratsa su yake kamar kwali. Farantin da ke tare harsashin AR-15, matakin III, ya yi wa ɗan firamare nauyi.

A duba lakabin da kyau. Hukumar NIJ, ta gwamnatin Amurka mai tsara ma'aunin sulke, rigunan sulke take ba wa shaida, ba jakunkuna ba. "An gwada bisa ƙa'idarta" maganar kamfani ce. Danshi da zafin mota suna raunana zaren da aka yi allon da shi, garanti galibi shekara 5 ne. Kuma a makarantu da dama jakar tana rataye a bango lokacin darasi.