Sharhi kan na'urar tsofaffin wasannin bidiyo da na saya a Gusau

Na'urar da zan yi bayani a kanta ba ta da wani tsayayyen suna, domin kwalinta bai ɗauke da sunan kamfani ko adireshi ba, sai hotunan jaruman wasanni da wani rubutu mai cewa akwai wasa fiye da 10,000 a ciki. Girmanta bai wuce na babbar filas ta ajiye bayanan kwamfuta ba. Ana soka ta a ramin HDMI na talabijin, ta sha wuta ta wayar USB, kuma tana zuwa da hannayen bugawa guda biyu marasa waya, masu aiki da ƙananan batura. A wani shagon kayan lantarki na cikin garin Gusau na saye ta, kuma na daɗe ina amfani da ita har ɗokin sabon abu ya sake ni. Ra'ayina shi ne ta cancanci kuɗinta ga wanda ya san wasannin da yake nema, amma wanda adadin jikin kwali ya ja hankalinsa zai ga an tauye masa mudu.

Abin da ke cikinta ƙaramar kwamfuta ce mai ɗauke da manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urori, tun daga Nintendo ta farko da Sega Mega Drive har zuwa PlayStation ta ɗaya, su kuma wasannin suna ajiye a kan ƙaramin katin memori. Da mutum ya fara bin jerin sunayen zai ga wasa guda ya fito sau da yawa, wani da Turanci, wani da Japananci, wani kuma an ɗan sauya masa launi an laƙaba masa sabon suna. Wannan dabarar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 1990, lokacin da ake sayar mana da kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa 9999 a goshi, alhali wasannin gaske da ke ciki ba su cika yatsun hannu biyu ba. Na'urorin da muka sani a lokacin ma kwafi ne na Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, kuma sai da muka girma muka san haka.

A ɓangaren wasannin Nintendo ne na'urar ta fi yin abin a yaba. Super Mario Bros., wanda ya fito a 1985, yana tafiya sumul, kiɗansa da tsallensa duk suna nan yadda na san su, har da ɓoyayyar hanyar nan ta saman rufi a mataki na biyu wadda ke kai mutum ga bututun tsallake duniyoyi. Contra ma haka yake, kuma sirrin kamfanin Konami na samun rai 30 yana aiki idan aka dace da fitowar da ta karɓe shi: sama sau biyu, ƙasa sau biyu, hagu, dama, hagu, dama, sannan B da A kafin a fara. Har yanzu matakin nan na uku, inda ake hawan duwatsu a gefen ruwa mai kwararowa, shi ne ma'aunin zumunci, domin idan ɗaya ya cika gaggawar tsalle sama, allon zai bi shi ya bar ɗan'uwansa a ƙasa ya mutu, wanda ransa ya ƙare kuma yana iya cin na abokinsa ba tare da neman izini ba.

Sai dai wasan da ya fi riƙe ni shi ne na tankokin yaƙi, wanda asalinsa Battle City ne na kamfanin Namco daga 1985, ko da yake yawancinmu kwafinsa mai suna Tank 1990 muka sani. Tsarinsa ba shi da wani surƙulle. Akwai mikiya a ƙasan allo da aka kewaye da bulo, tankokin abokan gaba 20 suna sauka daga sama a kowane mataki, aikin mutum biyu kuwa shi ne su gama da su kafin harsashi ya taɓa mikiyar. Daga nan ne hikimar wasan take fitowa, domin dole ɗaya ya haƙura ya tsaya gadi yayin da ɗayan yake farauta, kuma dole a yi shawara cikin sauri kan wanda zai ɗauki tauraro don ƙara ƙarfin harbi, da wanda zai ruga ya ɗauko shebur ɗin da ke mayar da bulon mikiya ƙarfe na ɗan lokaci. Agogo yana daskarar da abokan gaba, gurneti yana tarwatsa duk wanda ke kan allo, kuma kowannensu yana ɓullowa ne a inda ya ga dama, sau da yawa a tsakiyar wuta. Mafi ban haushi, harsashinka ma yana iya kashe mikiyarka. Na ga magidanta biyu, kowanne da 'ya'yansa, sun yi shiru suna hararar juna a kan wanda ya fasa bulon gida, kuma ban ga wani wasan zamani mai girman gigabait da yawa da ya fi wannan iya haɗa mutum biyu a kan aiki ɗaya ba.

Duck Hunt yana cikin jerin, amma ba shi da amfani. Bindigar robar da muke harbin agwagi da ita tana aiki ne da yadda tsohuwar talabijin mai ƙeya take haska allonta, don haka ko da an haɗo ta a kwalin, ba za ta yi komai a kan talabijin ta bango ba.

Da na koma ɓangaren Sega sai aibin hannayen bugawa ya fara bayyana. Mega Drive ta fito a Japan a 1988, amma a wurinmu sai wajen ƙarshen shekarun 1990 ta zama abin yayi, lokacin da gidajen gem suka fara yawa a Sabon Gari da Tudun Wada, inda ake jera benci a gaban talabijin, mai shago yana karɓar kuɗi wasa-wasa, wanda aka ci ya tashi, gwani ya ci gaba da zama. Mortal Kombat ne sarki a lokacin, kuma yaron da ke da littafin makaranta cike da sirrin dabarun jarumansa Sub-Zero da Scorpion ya fi mai kuɗin tara daraja. Irin wannan wasa yana buƙatar a danna madannai a jere cikin ƙiftawar ido, hannayen wannan na'ura kuwa suna da ɗan jinkiri tsakanin dannawa da motsin da za a gani a allo. A Sonic ko Streets of Rage 2 jinkirin ba ya hana jin daɗi, amma a Mortal Kombat da Street Fighter II yana sa dabarar da hannu ya haddace ta riƙa kuɓucewa. Abu biyu suka rage mini matsalar: na sa talabijin a tsarin da aka tanada domin wasa, wanda ke kashe gyare-gyaren hoto masu jawo jinkiri, na kuma fito da ɗan abin da ke karɓar saƙon hannayen daga bayan talabijin ta hanyar ƙarin waya. Idan batura suka fara sanyi, komai yana komawa gidan jiya.

PlayStation, wadda Sony ya fitar a watan Disamba na 1994, ita ce iyakar ƙarfin na'urar, kuma a nan ne sakamakon ya zama gauraye. Crash Bandicoot yana tafiya lafiya. Tekken 3 kuwa sautinsa yana sarƙewa, musamman idan na'urar ta ɗauki zafi a irin ranakun bazara na Gusau. Wasan ƙwallon ƙafa na Winning Eleven, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa na sayi na'urar, yana buguwa yadda ya kamata, da mai sharhinsa na Japananci da jerin zaɓuɓɓukan da muka haddace da ido ba tare da mun iya karanta harafi ɗaya ba. Tijjani Babangida yana nan da gudunsa da ba a kamowa a gefen dama na Najeriya, kuma har yanzu ɗauko Roberto Carlos daga baya a sa shi a gaba yana ba da ƙwallaye, dabarar da a wancan lokaci wasu gidajen gem suke ɗauka rashin kunya ce. Amma dole in faɗi cewa hoton wasannin PlayStation ya tsufa fiye da na Mario. Zanen Nintendo da na Sega zane ne shimfiɗaɗɗe da aka yi da gangan, yana nan da kyansa, su kuwa 'yan ƙwallon Winning Eleven a kan faffaɗan allon zamani sai ka ga kamar an sassaƙa su da gatari. Ya kamata a shiga saiti a mayar da hoton ma'aunin 4:3, irin na tsohuwar talabijin, domin na'urar tana miƙe shi ya cika allo, kowa ya koma gajere mai faɗi. Alamar 4K da ke jikin kwali, mai nufin hoto mai tsananin kyau, ado ce kawai, ba ta da alaƙa da wasannin da aka ƙera shekaru talatin da suka wuce.

Babu PlayStation 2 a ciki, kuma wannan babban giɓi ne ga tsararmu, domin a kanta muka buga Pro Evolution Soccer 6 na 2006, inda Adriano na Inter Milan yake harbi daga ko'ina ƙwallo ta shiga, muka kuma yi renon Castolo da Minanda, ƙagaggun 'yan wasan da ake farawa da su a gasar Master League ta cikin wasan, har muka sami kuɗin sayen manyan 'yan wasa. GTA: San Andreas na 2004 ma a can yake. Wanda waɗannan yake nema, wannan na'ura ba tasa ba ce, gara ya nemi tsohuwar PlayStation 2 mai lafiya.

Idan aka gwada ta da abin da ake bugawa a yau, fifikonta ɗaya ne, amma mai nauyi ne. Pro Evolution Soccer ya koma eFootball a 2021, FIFA ya koma EA Sports FC a 2023, matasa kuma sun karkata ga Free Fire da Call of Duty a waya. Ina buga eFootball, ina kuma jin daɗin karawa da mutumin da ban taɓa gani ba, sai dai irin waɗannan wasanni rayuwarsu tana rataye da data da ƙarfin sabis. Mu mutanen Zamfara mun ga ma'anar hakan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro, duk wani wasa mai buƙatar intanet ya zama hoto a fuskar waya. Wannan na'ura ba ta neman data, ba ta neman rajista, ba ta tallata wa yaro sayen wani abu a tsakiyar wasa, kuma wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai, har abin cajin waya na tafi-da-gidanka yana iya ɗaukar ta idan akwai ƙaramar talabijin mai aiki da sola.

Akwai wata dama da ta zo da ita wadda ba mu da ita a da, wato ajiye wasa a kowane wuri a dawo a ci gaba. Ɗan ƙanwata, wanda ya tashi da waya a hannu, da ya ga Contra ya mayar da shi farko bayan rayukansa sun ƙare, sai ya juyo ya ce, "Kawu, wanga wasa ba ya da tausai, a nuna mini inda ake ajiyewa." Na nuna masa, ya kuwa kai ƙarshen wasan a zama ɗaya, yana ajiyewa bayan kowane tsalle. A ganina wannan dama ta dace da dogayen wasannin PlayStation, amma a Contra da Mario tana cire musu gishiri, domin an gina su ne a kan tsoron komawa farko, kuma wannan tsoron ne yake sa hannu ya ƙware.

Iyaye su sani cewa ba a tace jerin wasannin ba. Ban da jinin da ke cikin Mortal Kombat, a ɓangaren wasannin gidajen wasa na Japan akwai na karta da na caca, wasunsu da hotunan da ba su dace da gidan mutunci ba. Na'urar tana ba da damar ware waɗanda aka fi so a jeri na daban, kuma wanda ya iya kwamfuta zai iya zare katin ya goge abin da ba ya so. Tun da an zare shi, yana da kyau a kwafe duk abin da ke ciki a ajiye, domin katin da ake haɗowa da shi mai araha ne, idan kuma ya lalace na'urar ba za ta ko tashi ba. Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya haɗa ta da talabijin, a gwada hannayen biyu a lokaci guda a wasan mutum biyu, a danna kowane madanni, sannan a buɗe wasa ɗaya na PlayStation a saurari sautinsa na 'yan mintuna, domin kwalayen duk kamarsu ɗaya, amma abin da ke cikinsu ya bambanta daga wannan zuwa wancan.