Tilasta Sayen Inshorar Lafiya a Amurka: Ikon Kasuwanci ko Ikon Haraji?

Dokar lafiya da Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu a 2010 ta wajabta wa yawancin Amurkawa mallakar inshorar lafiya, wanda bai yi ba ya biya tara. Da aka ƙalubalanci dokar har shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, manyan hujjojin gwamnati guda biyu ne.

Na farko shi ne ikon majalisar dokokin Amurka kan kasuwanci tsakanin jihohi. Gwamnati ta ce ba wanda ya fi ƙarfin ciwo, kuma marar inshora idan aka garzaya da shi sashen gaggawa dole asibiti ta duba shi, daga baya kuɗin ya hau kan masu biya. Wannan gaskiya ce mai nauyi. Amma Alƙalin Alƙalai John Roberts ya ƙi karɓa. A fahimtarsa, majalisa na iya tsara cinikin da mutum ya riga ya shiga, sai dai ba ta da hurumin tisa ƙeyar wanda ke zaune a gidansa zuwa kasuwa.

Na biyu ikon karɓar haraji, kuma shi ya ceci dokar a watan Yunin 2012, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Kotun ta ɗauki tarar a matsayin haraji, domin hukumar haraji ce ke karɓar ta a lokacin, kuma rashin inshora bai zama laifi ba. Zuwa 2016 tarar ta kai dala 695 ga baligi ko kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin shiga, duk wanda ya fi yawa.

Ni na fi gamsuwa da hujjar haraji, domin ta bar wa mutum zaɓi a hannunsa. Rauninta kuwa, majalisa na iya zare mata lakka cikin sauƙi, kuma hakan aka yi a 2017, aka soke kuɗin tarar daga 2019.